Taken Mahauta da Hannun Hagu

Mijina makaɗi ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ko a zamanin da faɗin haka a Mahjar, unguwarmu a Jidda, yake sa mata su taɓe baki su kalli juna. Da rana direban motar kaya ne a tashar jiragen ruwa. Ranar Alhamis da la'asar kuwa sai ya yi wanka, ya sa farar taguwa, ya nufi gidajen wani kamfanin jiragen ruwa na Turawa, can bayan doguwar katanga, inda suke zama da matansu a lambu suna jin kiɗan da ake kira jaz. Mijin nawa Bahaushen Sudan ne. A Bur Sudan ya koyi kiɗan, wajen masu busa da ke sauka daga jirage, amma kakansa mai kalangu ne, kuma wannan shi ya yi min rana daga baya. Shekarun da aka fara ganin talabijin a Jidda nake ba ku labari.

Ranar da aka kai ni gidansa na ga tarkacen a lungun ɗaki, cewa na yi, “Wannan kayan kiɗa ne ko na mai gyaran tukwane?” Ga ƙatuwar ganga a kwance ana taka ta da ƙafa, ga faya-fayan tagulla a bisa sanduna, ga wata 'yar ƙaramar ganga mai faɗi da ke zama tsakanin gwiwoyinsa, an shimfiɗa mata wayoyi a ƙarƙashi. Wayoyin nan zaga yake ce musu, kamar ta gangar gida. Dariya kawai ya yi min. Mutum ne marar yawan magana, ni kuwa Allah ya hore min baki, shi ya sa muka zauna lafiya.

A unguwa ba a kiɗa da ƙarfi, maƙwabcinmu limami ne. Sai ya ɗauki 'yar ƙaramar gangar da faifai ɗaya, ya rufa musu tsohon zanena, ya yi ta abinsa a hankali ina dakan yaji a tsakar gida. Ta haka kunnena ya buɗe ba tare da na yi niyya ba. Hannun dama yana kan faifan tagulla, tin, tin-ki-tin, tin, tin-ki-tin, ba ya gaba ba ya baya, ko gobara ta tashi. Wannan kowa zai iya ji. Hannun hagun ne abin kallo. Sandar tana kwance tsakanin babban yatsa da manuni, tafin hannu yana kallon sama, kuma da ƙyar kanta ke tashi daga fata tsawon ƙwayar shinkafa. Sai ya riƙa zuba wasu ƙananan bugu a tsakankanin na dama, a wuraren da ba ki ma san akwai wurin zama ba. In ya bugi tsakiyar fata ta yi murya mai kauri, in ya matsa bakin ganga ta sirance. Wani lokaci ya danna kan sandar a fata ya bar zaga ta yi ta zirrr ita kaɗai, wani lokaci ya kwantar da sandar a kan baki ya ba ta ƙwas guda ɗaya, shi ke nan. Ƙananan bugun nan raɗa yake kiran su.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa a kan abin da Turawan ba za su ji ba, ga busa ga surutu. Ya ce, “Dama tasu ce, ya hajja, ita ke gaya musu inda za su sa ƙafa. Hagu tawa ce.” Abin da ya fi ci min rai kuma ya fi burge ni shi ne yadda ya iya ƙin bugu. Zai ɗaga sanda, jikinki duka ya shirya, ki riƙe numfashi, sai ya ƙi saukewa. Sau nawa na tsaya da taɓarya a sama ina jiransa kamar wata sakara, shi kuwa yana murmushi.

To, bari in zo kan ɗan baffana, don dominsa na ɗauko wannan zance.

Uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, ina da 'yan watanni a duniya. Innata ta ɗauke shi ta haɗa mu a nono ɗaya, ni a dama shi a hagu, har ta kan ce shi ya fi ni ja. Baffa mahauci ne a unguwar Sa'alaba, da yamma kuma ya kafa tukubar tsire, wanda Larabawan Jidda ke kira sire suna layi a kansa. Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa, ba zan ci haƙƙinsa ba, ga shi Allah ya yi shi da ɗan haske. Ya yi makaranta, Larabcinsa ya fita tas, ya samu aiki a ofishin wannan kamfanin da mijina ke yi wa kiɗa, shi ke bin takardun ma'aikata da iƙamarsu, wato izinin zama a ƙasar. Baffa na rasuwa ya tattara ya koma arewacin gari. Sai muka fara jin wai shi Balarabe ne mutumin Tihama, wai iyayensa manoma ne can kudu. In leburori suka yi masa Hausa a ofis sai ya ɗage gira ya ce a nemo tafinta. Tafinta! Yaron da na sha wanke wa majina da bakin zanena. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Duk wannan na haɗiye. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in yana so ya zama ɗan Tihama ya je ya zama. Abin da ban haɗiye ba shi ne ranar bakin ƙofa.

Inna ta tsufa a lokacin, idanunta sun yi hazo, tana zaune a wajenmu. Labari ya iso mata cewa an ba ɗanta 'yar wani attajiri Balarabe mai sayar da igiyoyi da fentin jirage. Murna kamar ta taka rawa. Ta sa ni na soya alkaki, ta naɗe a sabon ƙyalle da hannunta, ta ce lallai in raka ta ta sa masa albarka. Na ce, “Inna, ki bari ya zo da kansa.” Ta ce ayyuka ne suka yi masa yawa. Muka shiga motar haya, muka tsaya a bakin ƙofar kamfani cikin rana har aka tashi azahar. Sai ga shi ya fito tsakanin abokan aikinsa biyu, farin tobi irin na Larabawa, mayafin gutura a kai, ƙamshin turare na tashi. Na ce mata ga shi nan. Ta miƙa ƙunshin gaba da hannu biyu, ta ce, “Ɗana! Ɗan albarka, ashe aure za ka yi?”

Ya dube ta. Ya dube ni, kuma na rantse ya gane mu. Sannan ya ce, “Allah karim, ya hajja,” abin da ake gaya wa mai bara in ba za a ba shi komai ba. Ya juya ya ce wa maigadi da Larabci a ba tsohuwa ruwa a kuma matsar da ita daga hanyar motoci.

Ban san lokacin da na yi kansa ba, Inna ce ta damƙe min mayafi. A mota tana rungume da alkakinta ta ce, “Bai gane ni ba ne, rana ta yi yawa, ta kashe masa ido.” Na ce, “Inna, ke ce ba ki gani, shi idonsa garau.” Ta ce in yi mata shiru. Daga ranar ta rage cin abinci. Ta mayar da tabarmarta inda ke fuskantar ƙofar gida, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai, in ta ji ba shi ba ne ta mayar. Ni kuwa na yi rantsuwa, kuma ban yi ta a ɓoye ba: sai ya yi Hausa da bakinsa a gaban mutanen da yake wa ƙarya, kuma sai ya zo ya durƙusa a gaban matar nan tun tana da rai. Yadda zan yi ne ban sani ba. Na kwana na tashi da abin har na rame.

Hanyar ta zo ne daga bakin Inna. Wata rana tana tsintar shinkafa da lalube tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, taken da masu kalangu ke yi wa Baffa ranar Sallar Layya. Kalangu ai na mahauta ne, kowa ya sani, kuma ko a Jidda ba a bar al'adar ba a wancan lokaci. Taken Baffa tambaya ce. Kalangu ya ce, sa ya faɗi, wuƙa na hannu, wa zai feɗe? Sai Baffa ya miƙe ko me yake yi, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce, “Sai mu, 'ya'yan fawa!” Ɗansa kuwa yana bayansa da wuƙar kara, yana buga 'yar ƙafarsa yana ihun amsawa har muryarsa ta dishe. Mijina yana zaune yana shan shayi, yatsunsa na hagu suka kama abin a kan tire ba tare da ya lura ba. Inna ta tsayar da hannu a cikin shinkafa, ta ce, “Kai, wa ya koya maka?”

Na ajiye ludayi. Na ce a raina, shi ke nan, na samu.

Da na gaya masa abin da nake so, ya ƙi. Ya ce take girmamawa ce, ba a farautar mutum da shi, kuma shi ba maroƙi ba ne balle ya yi zambo. Ya ƙara da cewa a kiɗansu hannun dama ba shi da sarari, in zai yi sai da hagu. “Taken uban mutum da hannun hagu, ya hajja? Ko goro ba a miƙa wa mutum da hagu. Kakana da ya ji sai ya tsine min.” Na ce, “Ai hagun nake so. Wanda ya ce wa uwarsa Allah karim, dama ta yi masa yawa.” Na bi shi da magana safe da yamma, na yi fushi, na yi kuka, na daina sa masa citta a shayi. Ko gezau. Abin da ya karya shi ba ni ba ce. Inna ce ta kira shi wata rana ina ji daga madafa, ta rage murya don kada in ji, ta ce, “Kai da kake ganinsa wajen aiki, ya yi ƙiba? Yana dai cin abinci ko?” Ya shigo madafa ya tsaya a kaina, ya ce, “Zan kira shi. In ya amsa, shi ya sani.”

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kalangu ana matse shi a hammata ya hau ya sauka kamar harshen mutum, 'yar gangar nan kuwa murya ɗaya aka ɗaure ta da ita. Ya shafe makonni yana nema. Kalma mai hawa ya kai ta bakin ganga, mai sauka ya dawo da ita tsakiya, inda ake jan murya kuma ya danna fata da gindin tafinsa ya saki a hankali, duk da hannu ɗaya, dama tana can tana tin-ki-tin ɗinta. Inna ce alƙaliya, ba tare da ta san dalili ba. Farkon da ya gwada, ta saurara daga tabarmarta ta ce, “Wannan ai Bature ne ke Hausa.” Ya koma ya gyara. Ta ce yanzu ya zama Balarabe. Har ran da ya yi shi a hankali ƙwarai, cikin raɗar nan tasa, sai muka ji tsohuwa daga tsakar gida ta amsa da 'yar muryarta, ta kuma buga tafi a tabarma. Ya dube ni na dube shi.

Dama ta samu da babban manajan kamfanin zai koma ƙasarsu. Aka shirya masa walimar sallama ranar Alhamis da la'asar, aka gayyaci attajiran da ke hulɗa da kamfanin, har da surukin ɗan baffana. Irin wannan taro sukan ɗauki matan Mahjar mu yi musu waina da sambusa, wani dattijon unguwarmu kuma ya kafa tukubar tsire a gefen lambu, ni ke haɗa masa yaji. Masu raba abinci rabinsu namu ne. Ƙofar madafa tana kallon rumfar makaɗa, nan na kafa kaskona na ƙi matsawa.

Su huɗu ne a rumfar. Wani Bahabashe mai dogon ƙahon tagulla, wani Ba'indiye a kan piyano, wani dogo mai ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsarkiyarsa da yatsa, sai mijina a baya. Ɗan baffana yana tsakiyar lambu kusa da surukinsa, kofin lemo a hannu, ya ba rumfa baya, yana fassara wa tsohon abin da manaja ke cewa.

Kiɗan farko ya wuce, mijina bai yi komai ba. Na biyu ma haka. Na ce lallai mutumin nan ya yaudare ni, yau sai ya kwana da yunwa. Har na ƙona waina. A na uku suka sassauta, ya ajiye sanduna ya ɗauki tsintsiyoyin waya, yana sharar fata a kewaye, shhh, shhh, kamar mai sharar tsakar gida tana gudun tada mai barci. Ana cikin haka, ƙarƙashin busar Bahabashen, hagu ta ce, sa ya faɗi. Iyakarta ke nan. Ba ta ƙara ba, ta koma shara.

Dattijon tukuba ya ɗaga kai, tsinke a hannu, yana waige-waige. Ni idona na kan dugadugan ɗan baffana. Na ga ta dama ta ɗaga daga takalmi ta koma.

Mijina ya bar shi. Wallahi ya bar shi ya daɗe, har ni kaina na fara cewa ko kunnena ne. Sai da mutumin ya saki jiki ya koma fassara yana dariya, sannan hagu ta sake leƙowa: sa ya faɗi, wuƙa na hannu. Ta sake ɓacewa. Wannan karon ɗan baffana ya waiwaya. Me zai gani? Makaɗi yana kallon saman rumfa, fuska kamar ta mai lazimi, dama na tafiya daidai, ƙafa na tafiya daidai. Ba abin da za ka kama shi da shi. Turawa na rawa, ba wanda ya ji komai. Masu raba abinci kuwa sun fara tafiya a hankali da tire, suna satar kallon juna. Ɗan baffana ya juya, ya zaro hankici ya goge wuya. Manaja ya yi magana, surukin ya jira fassara, ba ta zo ba sai da aka taɓa shi.

Na sha jin mijina yana kiɗa, amma ban taɓa jin ya yi kamar ranar ba. Ya koma sanduna, kiɗa ya ɗan yi sauri, ya riƙa raba taken gutsure-gutsure yana ɓoye shi a ko'ina. Kalma ɗaya bayan piyano, biyu a inda mai busa ya tsaya shan iska, wata ya jinkirta ta har ka ce ta faɗi sannan ya cafe ta. Tambayar ƙarshe ce kawai ya ƙi yi. Duk lokacin da ya kawo bakin wa zai feɗe, sai ya ɗaga sanda ya ƙi saukewa. Na san azabar nan, na sha ta da taɓarya a hannu. Na ga kafaɗar ɗan baffana tana tashi tana jira, tana sauka ba komai. Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce, sha, ɗan nema, kaɗan ma ka gani.

A irin kiɗansu akwai inda sauran ke yin shiru a bar mai ganga shi kaɗai. Nan Turawa ke son a yi musu aradu, a daki komai da komai. Da wurin ya zo, mijina ya ɗauke hannun dama daga faifai ya ajiye a gwiwa, a fili, kowa na gani. Ƙafa ma ta tsaya. Hagu kaɗai ta rage, kuma maimakon ya ƙara ƙarfi sai ya rage, har masu surutu suka yi shiru don su ji abin da yake yi. Lambu ya yi tsit, ana jin kitse na ɗiga a wutar tukuba. Ya faɗi taken daga farko, dalla-dalla, Hausa tsantsa ba Bature ba Balarabe, ya kai ƙarshe ya yi tambayar. Ya sake, ya ɗan ɗaga murya. A na ƙarshe ya haɗa fata da bakin ganga ya ba ta wa zai feɗe mai tsage kunne, ya bar sanda a sama.

Ƙafar ɗan baffana ta bugi ƙasa. “Sai mu, 'ya'yan fawa!”

Da ƙarfi fa, da muryar Baffa sak, hannu a sama, lemo ya zube a farin tobi. Dattijon tukuba ya ɗaga wuƙarsa ya amsa, masu tire suka amsa, ni kuwa na saki guɗa daga ƙofar madafa wadda na tabbata an ji ta a bakin teku. Turawa suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta tafi. Mijina ya sauke sanda, sauran makaɗa suka shigo, kiɗa ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Na ɗauki kwanon yaji na fita wai zan kai tukuba, don in ga fuskarsa kusa. Yana tsaye hannunsa bai gama sauka ba, baki a buɗe. Na zaci surukin zai yi fushi, kuma na shirya jin daɗin hakan. Abin da ya yi ya fi. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa shi ya ce da Larabci, “Sai yau? Yaro, ni da na ci siren ubanka a Sa'alaba tun ba a haife ka ba! Kana tsammani zan ba da 'yata ban tambayi gidan da mutum ya fito ba? Ina dai kallonka ne da Tihamarka.” Sannan ya daina dariya, ya ce, “An ce matar da ta shayar da kai tana nan da rai. Ban ga ka kawo mu mun gaishe ta ba.” Shekara da shekaru yana wahalar ɓuya a bayan kara, ashe kowa na ganin ƙeyarsa. Ya juyo muka haɗa ido. Na ɗaga masa kwanon yajin na wuce.

A hanyar gida, da muka kusa Mahjar, mijina ya juyo gare ni. Na zaci wa'azi zai yi min. Sai ya ce, “Kin ji inda ya faɗo? Daidai kan bugu, ko gashi bai kauce ba. Yaron nan yana da kunne.” Bai ci abinci sosai ba ranar, ya ce hannunsa na hagu ya yi masa nauyi. Ni kuwa na ci nawa na ƙara da nasa.

Washegari bayan an sauko Juma'a muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, abin da ba a saba ba a lungunmu. Ko sallama bai yi ba. Ya faɗo tsakar gida yana huci, yana nuna ni da yatsa, yana zazzaga masifa, wai na tozarta shi, wai ni muguwa ce tun muna yara, wai zai ga wanda zai sake sa wa mijina hannu a takarda. Duk da Hausa. Ashe tana nan, har da ashar ɗin Sa'alaba, ba abin da ya manta. Na naɗe hannu na bar shi ya yi ta yi, don kowace kalma riba ce a wajena.

Inna ta ɗaga kai daga tabarma. Ta ce, “Wa nake ji?”

Ya waiwaya. Bai lura da ita ba sai lokacin, ta ƙanƙance a cikin zane, ba kamar yadda ya bar ta ba. Ta miƙa hannu tana lalube a iska, ta ce, “Matso mana, ba na gani.” Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya tuɓe takalmi, ya tako, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, tobin nan a cikin ƙura. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kunnuwa, ta ce ya rame. Ba ta ambaci bakin ƙofa ba, ko da kalma ɗaya, har ta koma ga Allah ba ta ambata ba. Ya ce, “Inna,” sai ya kifa kai a gwiwarta. Wanda ya ga dama ya ji tausayinsa. Ni ban ji ba, kuma har yau da nake ba da labarin ban ji ba.

Inna ta ce, “Ke, kina tsaye? Kawo wa ɗan'uwanki ruwa ya wanke hannu, ki zubo mana tuwo. Ni ma yau zan ci.”

Na kawo buta da tasa. Ya miƙo hannuwa bai dube ni ba, ya ce, “Shukran.”

Na riƙe butar a sama, ban zuba ba. Ya jira. Inna ta ce me ake jira. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ni, na dube shi, hannuwansa a buɗe a kan tasa.

Ya ce, “Na gode, Yaya.”

Sannan na zuba masa.